Kumbon da ya dawo lafiya

Bawul ne ɗan ƙarami, bai kai tsawon tafin hannuna ba. Aikina a watannin farko da na shiga ɗakin gwaje-gwajen sashenmu shi ne in ɗaure shi a kan benci, in jona masa tiyon iskar hiliyom, in bar na'ura ta yi ta buɗe shi tana rufewa sau ɗaruruwa, sannan in tsayar da ita in auna iskar da ke sulalewa ta bakinsa alhali yana rufe. Irinsa ake sa wa a bututun man kumbo, kuma abin da muke son sani shi ne sau nawa zai yi aiki kafin a ce ya gaji. A takardar gwajin an rubuta iyaka. Muddin yoyon bai kai wannan lambar ba, bawul ya ci gwaji. Kullum sai in auna, in ga bai kai ba, in rubuta, in sa hannu. Kafin in zo karatun nan na yi shekaru a rumfar gyaran jiragen sama, saboda haka ina ganin idan dai maganar takarda da sa hannu ce, ba wanda zai koya mini.

Wata rana da yamma malamar da ke duba aikina ta shigo. Dattijuwa ce, ba ta da yawan magana. Ko kallon bawul ɗin ba ta yi ba, littafina ta ɗauka. Ta ce in samo farar takarda in ɗiga kowace lamba da na auna tun ranar farko, ɗigo bayan ɗigo. Ina ɗigawa jikina yana sanyi, don tun kafin in kai rabi na ga ɗigon suna hawa kamar matakala. Ta tambaye ni yaushe na fara lura. Na ce, "Malama, na ga lambar ta ɗan canza, amma ai ba ta kai iyaka ba." Ta ce, "Takardar ta tambaye ka ko ya kai. Ni tambayata ita ce ina ya dosa." Muka kwance bawul ɗin muka sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma. A kan farar robar da bakinsa ke zama, ga wani ɗan ɓurɓushin ƙarfe ya nutse, ya ja wani siririn layi kamar gashi. Duk rufewar da bawul ɗin ya yi, ƙara zurfafa layin yake. Ba ta yi mini faɗa ba. Rahotanni biyu ta ba ni, na kwamitocin da suka binciki haɗarin jiragen sararin samaniyar Amurka biyu, Challenger da Columbia, ta ce kada in koma benci sai na gama su.

A can na fara gane abin da shirya kumbo don ya sake ɗaukar mutane yake nufi. Kumbon da ya je tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, kimanin kilomita 400 sama da mu, yana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, yana zagaye duniya cikin minti 90. A kowane zagaye sai ya shiga rana ya gasu, ya shiga inuwa ya daskare, sau 16 a yini, wani lokaci har wata shida. Kafin nan ya sha jijjigar roka, bayan nan kuma zai keto iska cikin wutar da ta fi ƙarfin narkar da ƙarfe. Wanda ake hawa sau ɗaya a yar, duk wahalar da ya sha da ita yake tafiya. Wanda ake sake hawa kuwa, da tabonsa yake dawowa hannun masu gyara.

Amurkawa sun daɗe da ɗanɗana wannan. Lokacin da NASA, hukumarsu ta binciken sararin samaniya, ke tsara jirgin Shuttle, burinta shi ne kowane jirgi ya yi tafiya 100, kuma tsakanin saukarsa da sake tashinsa mako biyu ya isa. Columbia ya fara tashi ranar 12 ga Afrilu, 1981, Atlantis ya rufe a Yulin 2011. A shekara 30 ɗin nan jirage biyar gaba ɗayansu tafiya 135 suka yi, kuma Discovery da ya fi kowanne zirga-zirga a 39 ya tsaya. Mako biyun nan bai taɓa yiwuwa ba. Mafi gajartar tazara ita ce kwana 54 tsakanin tashin Atlantis biyu a 1985, sauran kuwa watanni ne. Wanda ya san abin da ake yi wa jirgin a rumfunansa na Cibiyar Kennedy da ke Fulorida ba zai yi mamaki ba. Jikinsa lulluɓe yake da tayil sama da 24,000 masu tare zafi, kusan kowanne da siffarsa da lambarsa, ba a ɗaukar na nan a liƙa a can. Tayil ɗin yawancin cikinsa iska ce, ba shi da nauyi, farce ma yana iya lotsa shi. Bayan kowace tafiya sai mutane sun bi su da ido da hannu, su nemo wanda ya fashe ko ya saki, su ɓamɓare, a yanko sabo daidai gurbinsa. Sannan a bi su da allura ana ɗura musu maganin hana shan ruwa, don idan suka jiƙe da ruwan sama a wurin harbawa, jirgin zai ɗauki nauyin da ba a lissafa ba. Manyan injinan nan uku kuma a ciro su a kai wani shago daban a bincike. Ni da na saba da jirgin fasinja da zai sauka a duba shi ya juya cikin awa guda, na ɗauki lokaci kafin hankalina ya kama cewa wannan kamanninsa kawai na jirgin sama ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin zoben roba. Rokoki biyu da ke gefen Shuttle su ma ana sake amfani da su. Sukan faɗo da laima cikin Tekun Atlantika, jiragen ruwa su janyo su, a wargaza su gaɓa-gaɓa. Tun tafiya ta biyu, a Nuwamban 1981, masu kwance su suka ga wuta ta ɗan ci zoben robar da ke toshe mahaɗar gaɓoɓin. A ƙa'ida wuta ba ta da abin da zai kai ta wurin. Aka rubuta, aka yi lissafi, aka ce akwai zobe na biyu a baya, aka ci gaba. Abin ya sake faruwa, ya sake, kuma kowane karo jirgi ya dawo lafiya. A Janairun 1985 aka harba cikin sanyin da bai wuce digiri 12 ba, aka ga baƙin hayaƙi ya wuce zoben farko fiye da kowane lokaci. Daren 27 ga Janairu, 1986, injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol da ya ƙera rokokin, cikinsu har da Roger Boisjoly, suka ce kada a harba, sanyin gobe ya yi yawa, robar za ta sandare. Shugabanninsu suka janye wannan shawara. Washegari, cikin sanyin kusan digiri 2, Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi da mutum bakwai a ciki, har da malamar makaranta Christa McAuliffe. Shekara huɗu da 'yan watanni rokokin suna dawowa da shaidar a jikinsu. An gani, an rubuta, an sa hannu.

Bayan shekara 17 aka maimaita da soso. Babban tankin man Shuttle an feshe shi da wani soso mai hana sanyi fita, kuma tun tafiyoyin farko yakan gutsuro ya bugi jirgi. A takardu an mayar da shi matsalar gyara, wato abin da ke ƙara wa masu tayil aiki, ba abin da ke kisa ba. Ko da Atlantis ya dawo a Disambar 1988 da tayil sama da 700 a farfashe, ɗaya ma babu shi sam, saboda ɓaraguzan da suka ɓalle daga hancin rokar dama, an gode wa sa'a an wuce. Ranar 16 ga Janairu, 2003, kimanin daƙiƙa 82 da tashin Columbia, wani guntun soso mai girman jakar hannu, wanda bai kai kilo ɗaya ba, ya bugi gaban fiffikensa na hagu da gudun sama da kilomita 800 a awa. Wasu injiniyoyi sun nemi a roƙi sojoji su ɗauko hoton fiffiken da tauraronsu, manya suka ga babu buƙata. Ranar 1 ga Fabrairu zafin shigowa ya bi ta ramin ya cinye fiffiken ta ciki, jirgin ya wargaje a saman Teksas, mutum bakwai suka rasu. Da masu bincike suka harba irin wannan soso a kan irin wannan fiffike a ƙasa, sai ga rami mai faɗin kusan santimita 40.

Da na rufe rahotannin, wata magana ta gida ce ta yi ta yi mini yawo a ka. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya ya ji wani ƙara ya tambayi direba, ya san amsar: dama haka take yi. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma mutanen da ke cikin rahotannin nan ba wawaye ba ne, ƙwararru ne da suka fi ni sani nesa ba kusa ba, kuma wannan ne ya tsorata ni. Ba wanda ya tashi da niyyar ganganci. Kowace dawowa lafiya ce take ɗan matsar da iyakar abin da zuciya ke karɓa, har abin da jiya ya firgita mutum yau ya zama layi ɗaya a fom. Abin da na yi da bawul ɗina ke nan, sai dai ni ba ran kowa a kan bencina.

Kumbunan yau sun fi Shuttle ƙanƙanta da sauƙi, amma aikin bai canza hali ba. Crew Dragon na kamfanin SpaceX a teku yake sauka da manyan laimomi huɗu. Kafin a buɗe ƙofarsa a kan jirgin ruwa sai an shinshina jikinsa da na'ura, don mansa guba ne. Ranar 2 ga Agusta, 2020, da Bob Behnken da Doug Hurley suka dawo cikin kumbon da suka raɗa wa suna Endeavour, sai da suka ƙara zama a ciki saboda an ji burbushin hayaƙin man. Daga nan sai wanke gishiri, don ruwan teku ba ya barin ƙarfe da wayoyi su zauna lafiya. A wannan karon da aka duba garkuwar zafin da ke ƙasan kumbon, an ga ta cinye fiye da zato a wuraren da ake ɗaure shi da ɓangarensa na baya. Mutanen ciki ba su shiga haɗari ba, amma ba a ce dama haka take yi ba, an sake ƙirar wurin kafin tafiya ta gaba. Endeavour bai sake ɗaukar mutane ba sai 23 ga Afrilu, 2021, kusan wata tara, da sabuwar garkuwa da sababbin laimomi.

Da yake bawul ne sana'ata, labaran bawul sun fi kama ni. Kumbon Crew Dragon na farko ya je tashar ba kowa a ciki a Maris 2019, ya dawo lafiya, aka shirya shi don wani gwajin. Ranar 20 ga Afrilu ana shirin kunna injinansa na tserewa a ƙasa, ya fashe ya zama ɓaraguzai. Bincike ya nuna cewa lokacin da ake hidimarsa a ƙasa, wani ɓangare mai yoyo ya bar ɗan sinadarin da ke kunna mai ya shiga bututun hiliyom. Da aka saki iskar da ƙarfi, sai ta harba wannan ruwa kamar harsashi cikin wani bawul na ƙarfen taitaniyom, ƙarfen ya kama da wuta. Aka cire irin waɗannan bawul aka sa faranti mai toshe hanya ɗungurungum har sai matsi ya fasa shi. A 2023 kuma wani Dragon na kaya ya dawo da bawul ɗaya da tsatsa ta maƙale, aka bi sauran kumbunan aka canza wasu a jikin Endurance kafin ya ɗauki mutane a watan Agusta. Wannan shi ne amfanin kumbo ya dawo: ciwon ɗaya ya zama maganin 'yan'uwansa.

Akwai kuma maganar bandaki, wadda mutane ke dariya idan an ambata, ni kuwa ina ganin ta fi yawancin darussan aji. A Satumban 2021, bayan tafiyar Inspiration4, masu gyara suka ɗaga daɓen wani Dragon mai suna Resilience suka tarar da fitsari ya taru a ƙasa. Wani tiyo da aka liƙa da gam ne ya saki. Mutanen da ke ciki kwana uku ba su ma sani ba. Tambayar da ta biyo baya ita ce ta burge ni: idan wannan ya saki, na Endeavour fa, wanda a lokacin yake maƙale a tashar tun Afrilu? Aka sa 'yan sama jannati suka leƙa, suka ga shi ma haka. Fitsarin kuma gauraye yake da wani sinadari da ake zubawa a ciki, wanda zai iya cin alminiyom. Sai aka ɗauki irin ƙarfen a ƙasa aka jiƙa shi da irin wannan haɗin, aka ajiye shi cikin yanayi irin na tashar, aka ga bai ci shi yadda zai raunana kumbon ba. Mutum huɗun da suka je da Endeavour suka dawo a Nuwamba ba tare da sun yi amfani da bandakin ba, sauran kumbunan kuma aka yi wa tiyon walda. Wanda ya ɗaga daɓen nan ba a san sunansa a labarai ba, kuma da ya ga saman daɓen tsaf ya wuce, ba mai tuhumarsa.

Starliner na kamfanin Boeing ya koya mini ɗaya gefen. An ƙera shi ya yi tafiya har 10, yana sauka a kan tudu da jakunkunan iska don ya kauce wa gishiri. Duk da haka ruwa ya same shi ta wata hanyar: a Agustan 2021 bawul 13 suka ƙi buɗewa a wurin harbawa, saboda laimar iskar Fulorida ta haɗu da sinadarin da ya ratso robar ta zama asid. Ranar 5 ga Yuni, 2024, kumbon Starliner mai suna Calypso, wanda ya taɓa tashi a Disambar 2019, ya ɗauki Butch Wilmore da Suni Williams don tafiyar kamar kwana takwas. An san da yoyon hiliyom guda tun kafin tashi, aka yanke cewa za a iya tafiya da shi. A sama wasu suka ƙaru, kuma ana dab da tashar ƙananan injina 5 cikin 28 suka ɗauke. Gwajin ƙasa ya nuna zafi na kumbura wata 'yar roba ta tare hanyar mai, amma ba wanda ya iya rantsuwa kan yadda za ta yi a hanyar dawowa. NASA ta ce kumbon ya dawo ba kowa, ya sauka lafiya a White Sands da ke jihar New Mexico ranar 7 ga Satumba, su biyun kuma sai 18 ga Maris, 2025 suka dawo cikin Dragon, bayan kwana 286. A ganina hukuncin daidai ne ko da kumbon ya sauka lafiya, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Abin da ya fi ba ni takaici a matsayina na mai kwance bawul shi ne injinan da suka ba da matsalar suna jikin ɓangaren da ake yarwa ya ƙone a iska. Ba wanda zai taɓa sa su ƙarƙashin madubi.

Kada a ɗauka ina cewa duk tabo sai an fasa tafiya. Da haka ne, ba kumbon da zai bar ƙasa. A Maris 2024, ana cikin ƙidayar tashin Endeavour karo na biyar, aka ga ɗan tsagu a robar ƙofarsa. Injiniyoyi suka duba hotuna, suka auna girmansa da zafin da zai gamu da shi a dawowa, suka amince, ya tafi ya yi kusan wata takwas ya dawo. Daga waje, wannan hukunci da na daren Challenger kamarsu ɗaya: an ga aibi, an ce a tafi. Bambancin yana cikin abin da aka dogara da shi, ko an fahimci dalilin aibin da inda zai tsaya, ko kuwa hujjar kawai ita ce bara ma an yi haka ba abin da ya faru. Har yau wannan ne wurin da ya fi mini wuya a aiki, kuma ban yarda da wanda ya ce yana rarrabe su cikin sauƙi ba.

Wani zaton da na zo da shi daga gida, cewa sabo ya fi tsoho aminci, shi ma ya rushe. A farkon 2025 sabon kumbon da aka shirya wa tawagar Crew-10 bai kammala ba, aka koma kan Endurance da ya riga ya yi tafiya uku, shi ya tashi da su ranar 14 ga Maris. Tsohon an san halinsa, kowane bawul nasa da tarihinsa a rubuce, sau nawa ya buɗe, wane zafi ya sha, wa ya taɓa shi. Da farko tafiya biyar NASA ta amince kowane Dragon ya yi, a 2025 kuma ana kan aikin ɗaga adadin zuwa 15, ba da baki ba, ɓangare-ɓangare ake bi ana gwadawa. Endeavour ya tashi karo na shida ranar 1 ga Agusta, 2025.

Da na koma benci, malamar ta sa na ƙara shafi a littafin gwajin, inda ake ɗiga kowane awo kusa da na jiya kafin a sa hannu. Muka bi bututun baya muna neman inda ɓurɓushin ƙarfen ya fito, muka same shi a zaren wani noti da aka ɗaure fiye da kima a gaban matatar iskar. Muka canza notin, muka wanke layin, na ɗaura sabon bawul, na fara ƙirga daga ɗaya.